Surukata a Bakin Tafki

Ko da zan manta da komai na zamana a Greensboro, ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin da na tsuguna a cikin tafki, ruwa iya wuya, na ƙi fitowa, har aka turo kwalekwale ya cece ni alhali ƙafafuna biyu suna ƙasa daram. Har gobe in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Matata Rakiya ta ce in daina ba da labarin nan, wai kullum gishiri nake ƙara masa don in wanke kaina. To yau ga shi ba gishiri, yadda ya faru.

A shekarar ne mahaifiyar Rakiya ta zo daga Maraɗi don a duba lafiyarta. Aka duba, aka ce ciwon daji ne. Zaman da muka ɗauka na ɗan lokaci ne ya zama zama sosai, a gidanmu na haya da ke bayan titin Wendover, ɗaki biyu da falo da banɗaki ɗaya tak. Ni kuwa bazazzagi ne, kuma a gidanmu ba a wasa da surukuta. Ba ka haɗa ido da uwar matarka, ba ka cin abinci a gabanta, ba ka kama sunanta, ba ka kuma wucewa ta gabanta da singileti. A gida wannan ba wuya, tunda ita tana wani gari kai kana wani. Amma ka gwada shi a gidan da in mutum ya yi atishawa a kicin sai a ce masa sannu daga ɗaki.

Haka na koma baƙo a gidan da nake biya wa haya. In zan fito daga ɗaki sai na yi gyaran murya, in ba ta lokaci ta ja mayafi. Tuwon dare a mota nake cin sa, a wurin ajiye motoci (maƙwabcinmu, wani ɗan Meziko, ya taɓa ƙwanƙwasa mini gilashi ya ce in yi haƙuri, shi ma matarsa ta taɓa korar sa). Da safe in tsuguna a bakin falo in gaishe ta, idona a kan kafet. Ita ma Hajiya gwana ce a wannan fanni. Tana amsawa tana kallon talabijin, kuma duk abin da za ta gaya mini sai ta bi ta kan 'yarta, ko da ina tsugune a wurin: "Rakiya, ki ce ma Baban Hauwa an gode da lemun jiya." Ni kuma in ce, "Ki ce mata ba komai." Rakiya ta ce da ana biyan tafinta a gidan nan da tuni ta bar aiki.

Ni direban forklift ne, wato motar ɗaga kaya, a wani katafaren sito, Rakiya kuma tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Ranakun asibiti suka yi mana yawa, ba kullum muke samun damar kai Hajiya ba. Sai aka haɗa mu da wata ƙungiya mai taimakon masu ciwon daji. Su ne suka riƙa turo wata tsohuwar Baturiya, ta zo da motarta ta ɗauki Hajiya, ta zauna da ita har a gama ƙara mata maganin, ta dawo da ita gida. Hajiya ba ta jin Turanci, Baturiya ba ta jin Hausa, amma sai ka ga sun dawo suna dariya, Allah kaɗai ya san da wane yare. Abin ya tsaya mini a rai. Baƙuwa tana riƙe hannun matar nan a asibiti, ni da na auri 'yarta ko "ya jiki" ba na iya faɗa sai da ɗan aike. Ina son Hajiya, ina jin ciwonta har cikin raina, amma ba ni da ƙofar da zan bi in nuna.

Ana nan sai abokin aikina Bitrus, mutumin Kafanchan, siriri mai son gudu kamar ana bin sa bashi, ya ce ai ƙungiyar nan tana shirya gasa duk shekara don tara gudummawa. Gasa ce mai hawa uku a jere ba hutu: ka yi iyo a tafki, ka fito ka hau keke, ka sauka ka yi gudu. Mutane kuma su ba da abin da ya sauƙaƙa da sunanka. Ya dubi tumbina ya ce, "Oga, kai dai ka ba da donation ɗinka kawai, ka bar mana wahalar. Wannan ba aikin masu forklift ba ne."

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma bakina ba ya shawara da ni. Na ce masa ni da na tashi a bakin kogin Kubanni za a gaya wa ruwa? (Gaskiyar magana, abin da muke yi a Kubanni shi ne mu shiga inda ruwa bai wuce gwiwa ba, mu dafa ƙasa da hannu, mu yi ta dukan ruwa da ƙafa. In wani ya ce ga maciji kuma kowa ya watse.) Kafin Lahadi Bitrus ya sanar a cocinsu. Kafin Juma'a labari ya isa masallaci. Mutane suka yi ta bayarwa, 'yan Nijeriya da 'yan Nijar, har da waɗanda ko gaisuwar kirki ba ma yi. Na san da yawansu ba tausayi kaɗai ya motsa su ba, so suke su ga yadda tumbin nan zai zauna a kan keke. Ko ma mene ne, an riga an bayar da sunana, ba hanyar janyewa.

Ƙungiyar tana da koci, wata gajeruwar mata mai murya kamar lasifikar tasha. Ranar farko a wurin koyon iyo na je da dogon wando da riga mai hannu, don mutunci. Na faɗa ruwa da ƙarfin gwiwa, na nufi ƙasa kai tsaye. Da aka tsamo ni na sha abin da zai ishe ni har la'asar. Koci ta mayar da ni gefen da ba zurfi, kusa da wasu tsofaffin mata da ke motsa jiki ana sa musu kiɗa. Su ne suka zama 'yan kallona na farko. In na yi taku biyu ban nutse ba sai su tafa mini. Wata a cikinsu, mai farin gashi fat, ita ta koya mini fitar da numfashi a cikin ruwa, tana ce mini "yaro mai ƙoƙari," ni da furfura ta fara leƙowa a gemuna.

Keke kuwa a Sedgefield na samo shi, wurin wani dattijo da ya baje tarkacen garejinsa yana sayarwa. Sirdin keken bai fi faɗin wuƙar yankan albasa ba, kuma ya nuna mini hakan tun ranar farko. Muna fita da Bitrus can wajen Pleasant Garden inda motoci ba su da yawa, sai gidaje jefi-jefi da karnuka masu zuciya. A nan ma na nace sai da babban wandona. Rannan muna gangara wani tudu, ƙafar wandon ta shige cikin sarƙa, keke ya tsaya ni ban tsaya ba. Na tsinci kaina a kwalbati kusa da akwatin wasiƙun wani bawan Allah, wanda ya kashe injin yankan ciyawarsa ya zo yana tambaya ko a kira motar asibiti. Bitrus ya ce a'a, tela za a kira.

Daga ranar koci ta kafa doka: ko in sayi kayan gasa irin na kowa, ko in koma gida.

Bari in kwatanta muku kayan nan, don wanda bai gan su ba ba zai gane sauran labarin ba. Riga ce da gajeren wando a haɗe, na roba mai ɗamewa, da zif a gaba. Da su za ka yi iyo, da su za ka hau keke, da su za ka yi gudu. In ka riƙe su a hannu ba su fi safar ƙafa biyu ba. In ka saka su kuwa, duk abin da Allah ya rufa maka asiri a kai sun tona shi. Ranar da na gwada su a ɗaki Rakiya ta yi dariya har ta zame daga bakin gado ta zauna a ƙasa, tana toshe baki da filo kada Hajiya ta ji. Da ta samu numfashi ta ce, "Baban Hauwa, wallahi kamar an ɗura alala a leda." A nan na rantse cewa ko sama da ƙasa za su haɗe, Hajiya ba za ta gan ni a cikin wannan abu ba.

Na kuwa tsare rantsuwata. In zan fita sai in ɗora jallabiya a kai, har da hula, kamar mai zuwa ɗaurin aure. An gaya wa Hajiya likita ne ya ce in riƙa motsa jiki. Kayan kuma a but ɗin mota nake shanya su, har motar ta fara warin kududdufi. Sau ɗaya Rakiya ta tausaya ta wanke su ta rataye a banɗaki, ta manta. Ina ɗaki na ji Hajiya ta kira ta tana faɗa ƙasa-ƙasa, wai wace irin uwa ce za ta saya wa ƙaramar yarinya kamar Hauwa irin wannan matsattsen abu, ko Amurkar ce ta lalata mata hankali. Hauwa 'yar firamare ce. Rakiya ta ce to Inna, ba za a ƙara ba. Ni kuwa ina bayan ƙofa ban san ko in ji daɗi an rufa mini asiri ba, ko in ji haushi an ce kayana na 'yar firamare ne.

A hankali jiki ya fara sabawa. Na bar gefen tsofaffi, na koma inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Karnukan Pleasant Garden suka gaji da ni. Akwai ranakun da Hajiya ke dawowa daga asibiti a galabaice, ina jin yadda take fama ta bango, ba damar in shiga, ba abin da zan iya yi. A irin ranakun nan nakan ɗauki jakata in tafi ruwa, in yi ta iyo har kafaɗuna su mutu. Ban san ko yana rage mata komai ba, amma ni yana rage mini.

Da gasa ta matso, koci ta ce akwai gwajin ƙarshe a wani tafki can bayan gari, za a yi komai kamar ranar gasar. Ta tara mu ta ce iyo a tafki daban yake da na cikin gida, ba bango, ba layi, ba ka ganin ƙasa. Duk wanda ya ji ya gaza, ya ɗaga hannu sama ya kaɗa, masu kwalekwale za su zo su ɗauke shi. Amma fa wanda aka ɗauko a kwalekwale, ko ya kasa fitowa da ƙafarsa, ba za ta sa hannu ya shiga gasa ba, ko ubanta ne. Tana maganar tana kallona. Na san in aka cire ni, sai in bi coci da masallaci ina bayanin yadda aka ba da gudummawa da sunan mutumin da aka tsamo kamar buhu.

Ranar Asabar na bar gida da jallabiyata, na yi sallama daga bakin falo. A tafki na ninke jallabiyar na ɗora a kan kekena, can sama inda aka jera kekuna. Tsakanin bakin ruwa da wurin kekunan akwai ɗan hawa na yashi da ciyawa, an ja igiya dama da hagu, ta nan kowa zai bi da gudu in ya fito. Ban damu ba. Turawa ne 'yan kallo, su kuwa ko da buhu ka fito ba mai ɗaga kai.

Aka busa usur muka faɗa. Ba don yabon kai ba, ranar na yi iyon da ban taɓa yi ba. An shure ni a haƙarƙari, na shuri wani, na sha ruwa mai ɗanɗanon ganye, amma ban tsaya ba. Na zagaya manyan balan-balan da aka kafa a tsakiyar tafkin, na juyo na nufi gaɓa, har ina wuce mutane. Ina ta raya wa kaina yadda zan yi wa Bitrus gori. Hannuna ya taɓa yashi, na kafa ƙafa, na ɗago kai na ture tabarau ɗin ruwa zuwa goshi.

Sai na ga mayafi ruwan ƙwai.

Na san mayafin nan, ni na sayo shi. A ƙarƙashinsa Hajiya ce zaune a kujerar roba, sandarta a jingine, daidai bakin igiyar da zan bi, kusa har da zan iya yarfa mata ruwa in na wuce. Rakiya na tsaye a bayanta, ga kuma tsohuwar Baturiyar nan riƙe da laima. Daga baya na ji yadda aka yi. Ashe Rakiya ta gaji da rufa-rufa ta gaya wa uwarta gaskiya, cewa duk wahalar nan dominta nake yi. Hajiya ta ce ko a goye sai an kai ta ta gani. Niyyarsu su tsaya daga nesa, amma masu shiri da suka ga dattijuwa mai jinya sai suka karrama ta, suka kai kujerarta gaban kowa.

Ban yi tunani ba, jikina ne ya yanke hukunci. Na koma na tsuguna, ruwa ya rufe ni har haɓa. Mutane suna ta wuce ni suna fita a guje, ni kuwa na fara ja da baya a tsugune kamar kwaɗo mai nadama. Dabarata ita ce in jawo hankalin Rakiya ta janye uwarta na ɗan lokaci. Na ɗaga hannu sama ina yi mata alama, ku tafi, ku matsa. Rakiya ta ɗago nata hannun ta mayar mini da gaisuwa tana murmushi. Na ƙara kaɗawa da ƙarfi, hannu biyu.

Kun dai tuna abin da koci ta ce game da ɗaga hannu. Ni a lokacin na manta.

Usur ya tashi ta ko'ina. Kafin in ankara wata budurwa ta iso da kwalekwale, ta jefo mini wani jan abu mai igiya, ya same ni a goshi. Ta ce in kama, kada in firgita, tana tare da ni. Na ɓoye hannuwana a hammata don kada a ce na taɓa, na ce mata lafiyata lau. Ta ce to me ya sa ba na fita, ƙafa ce ta riƙe? Na ce a'a. Ƙirji ne? Na ce a'a. Na rage murya na ce, "Uwar matata ce a can."

Ta waiwaya ta dubi Hajiya, tsohuwa ramammiya a kujerar roba, ta dawo ta dube ni. Cikin tausasa murya ta tambaye ni ko matar tana cutar da ni ne a gida, ta ce akwai waɗanda za su iya taimaka mini. Na ce ba haka ba ne, girmamawa ce. Ta ce ba ta gane ba. Na ce ni ma a yanzu ban gane ba.

Kan ka ce me, tafki ya zama ba kowa sai ni da kwalekwale biyu, don an turo ƙari. Tsofaffin da na wuce duk sun fita. 'Yan kallo sun yi tsit suna kallon mutumin da ke nutsewa a ruwan da bai kai cibiya ba. Bitrus, wanda ya riga ni fita, ya fasa hawa kekensa ya dawo bakin igiya. Kallo ɗaya ya yi wa Hajiya, ya yi mini ɗaya, ya gane komai. Maimakon ya kawo mini jallabiyata, ɗan banzan nan sai ya riƙe ciki ya durƙushe a yashi.

Koci ta shigo ruwan da takalmanta, ta tsaya a kaina, ruwan iya cinyarta. Ba ta yi ihu ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce ba ta san abin da ke damuna ba, amma ko in miƙe yanzu in fita da ƙafata, ko ta sa a ɗauke ni, gasa kuma sai wata shekara. Na dubi hawan yashin nan, na dubi mayafin. Wallahi a wannan lokacin na fi karkata ga wata shekarar.

Sai na ga Hajiya ta dafa sanda ta miƙe. Rakiya ta kai hannu za ta riƙe ta, ta ture. Ta tako har inda ruwa ke lasar yashi. Na sunkuyar da kai, ina jiran in ji "Rakiya, ki ce masa."

"Baban Hauwa," in ji ta. "Hito."

Tun da na auri 'yarta ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye haka ba. Na ce, "Hajiya, ai kayan ne..."

"Na san kayan. Na ga na mutane, naka ba su hi nasu muni ba." Muryarta ba ƙarfi, amma wurin ya yi shirun da kowa ke ji, ko da yake mu huɗu kaɗai ke fahimta. "Ni da anka kai lopital, likitoci maza sunka buɗe ni, sunka yanka, sunka ɗinke, ɗiyan cikina na kallo. Gashin kaina ya zube duka. Kunya ba ta kashe ni ba, ga ni tsaye. An ce don ni kake wagga wahala. To in ka bari sunka hid da kai cikin jirgi kamar kihi, ni ka kunyata, ba kanka ba."

Ta mayar da numfashi. Sannan ta juya a hankali, ta ba tafki baya, ta fuskanci bishiyoyi.

"Ga shi na juya. Wuce."

Idona ya cika da ruwan da ba na tafki ba. Matar nan ta taso da jikin da ko falo ba ya son tsallakawa don ta gan ni, ga shi na sa ta kallon itatuwa. Na miƙe. Ruwa ya zubo daga jikina, kayan nan suka ƙara mannewa, na rasa inda zan kare da hannu biyu kacal. Na cire hular robar da ke kaina na riƙe a gaba, abin da bai fi tafin hannu ba. 'Yan kallo suka ɓarke da tafi, su a ganinsu an ceto rai.

Da na wuce da gudu da abin ya tsaya nan. Amma ta yaya zan gifta ta bayan surukata ban gaishe ta ba? Ina isa daidai inda take, gwiwoyina suka lanƙwashe da kansu. Na tsuguna a yashi, ina ɗiga, riƙe da hular roba, na ce, "Ina kwana, Hajiya."

"Lahiya lau," ta ce da bishiyoyi. "Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara," na ji bakina ya faɗa, kamar muna tsakiyar damina a Zariya.

A nan Rakiya ta kasa daurewa, ta kifa kai a kafaɗar Baturiya tana kyarma don dariya. Koci tana bayana tana tambayar Bitrus ko suma na yi, shi kuwa dariya ta ci ƙarfinsa. Sai da Hajiya ta ce, "Tashi ka tahi, ana jiranka," sannan na zabura na haura yashin nan da gudun da ban san ina da shi ba. Ban yi nisa ba na jiyo ta tana ce wa 'yarta, "Ashe ƙahwahunsa sirara ne haka? Rakiya, ba ki ba shi abinci?" Ka ji wadda ta juya baya.

Ni na zo na ƙarshe a gwajin, har an fara naɗe igiyoyi. Koci ta daɗe tana kallona, sannan ta ce doka ta ce mutum ya fito da ƙafarsa, kuma na fito da ƙafata, don haka zan shiga gasa. Ta roƙe ni abu ɗaya, in akwai wasu dangin da zan tsuguna wa, in gaishe su tun a gida.

Ranar gasar Hajiya ta sake zuwa. Wannan karon ta aiko Rakiya tun da asuba, wai a gaya mini ta ga bishiyoyin Amurka sun ishe ta, yau mutum ta zo gani. Na fito daga ruwa na bi ta gabanta a guje, idona a ƙasa, nata a kaina. Na gama gasar a can baya-baya, tsakanin wani mai ɗingishi da wata mai shekarun kakata, amma na gama. Da na tsallake layin ƙarshe na hango ta ta ɗaga sandarta sama da hannu biyu, abin da ta daɗe ba ta iya yi ba. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, kuma ban ɓoye ba, na yi kuka a gaban kowa cikin matsattsun kayana.

Hajiya ta samu sauƙi, alhamdu lillahi, ta koma Maraɗi. An ce babu gidan suna ko na biki da ba ta ba da labarina ba, kuma a nata labarin kwalekwalen sun kai goma.

Ni dai abin da na koya shi ne, kunya abu ce mai kyau, ban kuma daina ta ba. Sai dai in za ka ɓuya wa mutum don girmamawa, ka fara tambaya ko shi ɓuyan yake so, ko ganinka. In kuma lallai sai ka ɓuya, ka nemi tudu. Na gwada a cikin ruwa, mutum ɗaya nake gudun ya gan ni, na ƙare gari guda ya kalle ni, har da ita.